Lu'ulu'u mai launi: na asali, wanda aka sa wa launi, ko na ɗakin gwaji?

A shimfiɗa farar takarda a kan tebur, a jera duwatsu uku masu ruwan hoda, kowanne nauyinsa karat ɗaya, yanka iri ɗaya. A kira wanda ya shekara talatin yana cin abinci da wannan sana'a, a miƙa masa madubin ƙara girma, a ce ya ware wanda ya fito daga ƙasa da launinsa, da wanda aka haƙo sannan aka sa masa launi, da wanda aka ƙera a cikin na'ura. In mai gaskiya ne zai juya su, ya sake juyawa, ya faɗi zatonsa, sannan ya ce a kai ɗakin gwaji. Duk ukun lu'ulu'u ne na gaske, wato daimon, taurinsu ɗaya, sinadarinsu ɗaya. Amma kuɗin na farko zai sayi tulin na ukun har a ba ka canji.

Abin da ke rikita mai saye ke nan. Akasarin abin da ake biya a lu'ulu'u mai launi ido ba ya ganinsa. Yana rubuce ne a layi biyu na takardar shaida: layin da ya faɗi inda launin ya samo asali, da wanda ya faɗi ƙarfinsa. Don haka tun kafin ka buɗe baki da ciniki, ka tsayar wa kanka magana ɗaya: kyan gani kake son saye, ko ƙarancin abu? Wanda bai raba waɗannan biyu ba, shi ne ake sayar wa abin da ke ko'ina a kan farashin abin da babu.

Abubuwan da ake aunawa

*Asalin launi.* Tsantsar lu'ulu'u kabon ne zalla, ba shi da launi. Launin kan shigo ne ta wata tawaya a halittar dutsen. Idan ƙwayoyin naitirojin suka kutsa ciki, sai ya yi rawaya. Idan boron ne, sai ya yi shuɗi. Kore yana samuwa ne in dutsen ya daɗe kwance kusa da duwatsun da ke fitar da radiyeshin. Ruwan hoda da ja da yawancin ruwan ƙasa kuwa, matsin da ke can ƙarƙashin ƙasa ne ya karkatar da jerin ƙwayoyin dutsen. Cibiyar GIA ta Amurka, wadda ita ce ake kafa hujja da takardarta a wannan fanni, ta ƙiyasta cewa ɗaya ne cikin dubu goma ke fitowa da launin da ya isa a kira shi mai launi. Ɗan Adam kuma ya riga ya koyi samar da kusan duk waɗannan launuka da kansa. A takarda, ka nemi layin da aka rubuta Color Origin. Idan kuɗin na asali za ka biya, kalmar da ke gabansa dole ta zama Natural.

*Ƙarfin launi.* Nan ne kuɗi yake. GIA tana da matakala: Faint, Very Light, Light, Fancy Light, Fancy, Fancy Intense, Fancy Vivid, sai Fancy Deep da Fancy Dark a ɓangaren masu duhu. Intense da Vivid su ne 'yan lelen kasuwa, kuma hawa mataki ɗaya kawai kan sa farashi ya yi tsalle ba ɗan kaɗan ba. Rawaya tana da wani abin ban dariya. Farin lu'ulu'u ana jera shi daga harafin D zuwa Z, kuma gwargwadon yadda rawaya ta shige shi, gwargwadon faɗuwar darajarsa. Da zarar rawayar ta zarce Z, sai abin da ake ƙi ya koma abin nema, farashi ya juya sama. Shi ya sa dutse mai harafin Y ko Z da aka ɗora a kan zinariya rawaya yake iya ruɗin ido, a sayar da shi kamar Fancy Light.

Ka kuma sani cewa kowane mataki fili ne mai faɗi. Duwatsu biyu na iya ɗauke da Fancy Intense, ɗaya yana bakin ƙofar Vivid, ɗayan kuwa da ƙyar ya tsallake Fancy. Takardarsu ɗaya, amma ƙwararren dillali ba zai saye su kuɗi ɗaya ba, kai ma bai kamata ka yi ba.

*Launin da ya raɓa.* Da wuya a sami launi shi kaɗai tal. Yawanci akwai wani da ya ɗan jirwaye shi, kuma takarda tana faɗa da tsari: kalmar ƙarshe ita ce uwar launi. Brownish Pink ruwan hoda ne mai jirwayen ruwan ƙasa. Pinkish Brown ruwan ƙasa ne mai jirwayen hoda. Kalmomi biyu ne aka sauya wa wuri, amma tazarar kuɗinsu kamar sama da ƙasa. Jirwayen ruwan ƙasa ko ruwan toka yana rage daraja, jirwayen shunayya a kan hoda kuwa kasuwa na sonsa. Sunayen da 'yan talla ke raɗawa, irin su canary, champagne, cognac da chocolate, ba mataki ba ne na kowace cibiya. Zaƙin baki ne kawai, kada ka biya ko sisi dominsu.

*Yanka, tsabta da nauyi.* Mai yanka lu'ulu'u mai launi burinsa ya tara launin a fuska, shi ya sa za ka fi ganin mai kusurwa huɗu irin radiant da cushion, ko mai siffar ƙwai, ko ɗigon hawaye. Zagayayye yana watsar da launi, don haka ba shi da yawa, kuma in launinsa ya kama sosai ya fi tsada. GIA ba ta ba mai launi makin yanka yadda take ba farin zagayayye, guga da daidaiton gefuna kawai take faɗa. Akwai kuma layin Color Distribution, inda kake son ganin Even, wato launin ya bazu daidai. Tsabta ba ta kai launi nauyi ba a nan: ɗan tabon da ido ba ya gani ba abin ɗaga hankali ba ne, sai dai tsagar da ta iso fatar dutsen, musamman a kusurwa, wannan ka guje ta. Karat na lu'ulu'u nauyi ne, giram 0.2, ba shi da alaƙa da karat na zinariya da ke nuna tsantsa. Farashi kan yi tsalle a kan iyakoki irin rabin karat da karat ɗaya, don haka 0.92 da 1.00 kusan ɗaya suke a yatsa amma ba a rasit ba.

*Takardar shaida.* An kafa GIA a 1931, hedikwatarta na Carlsbad a jihar Kalifoniya, kuma ita ba ta saye ba ta sayarwa. Cikin takardunta na mai launi, ga biyu da ya kamata ka sani. Colored Diamond Grading Report ita ce cikakkiya, tana ɗauke da launi, asalinsa, tsabta da zanen tabban dutsen. Colored Diamond Identification and Origin Report tana faɗin launi da asalinsa amma ta yi shiru a kan tsabta. Ta biyun ba laifi ba ce, ƙananan duwatsu da yawa da ita suke zuwa, sai dai in ka gan ta tare da babban dutse mai tsada, ka tambayi kanka dalilin da ya sa mai shi bai so a rubuta tsabtarsa ba. Akwai wasu cibiyoyin da aka sani, irin IGI da HRD da suka samo asali a Antwerp ta Beljiyam, kuma IGI ce ta fi yawan takardun na ɗakin gwaji. Takardar ƙiyasin kuɗi da shago ya buga da kansa wani abu ne daban. Ita don inshora ake yin ta, kuma sau tari adadin da ke kanta ya zarce abin da kowa zai biya. Takardar GIA ba ta ɗauke da farashi ko kaɗan.

Da waɗannan a hannu, sai mu ɗora kowane zaɓi a kan sikeli huɗu: farashi, ɗorewa, sauƙin samu da sayarwa, da haɗari.

Zaɓi na farko: dutsen ƙasa, launin ƙasa

Wannan gida ne mai ɗakuna da yawa, kuma kuskure ne a yi masa kuɗin goro. A ƙasa akwai ruwan ƙasa, wanda ya fi kowane launi yawa, sau da dama ma ya fi fari mai kyau araha. Sama da shi rawaya, wadda ita ce ƙofar da yawancin masu son na asali ke shiga. Daga nan sai wagegen rami, sannan ruwan hoda, ruwan lemo tsantsa, kore, shuɗi, da ja a can ƙololuwa. Ja ya yi ƙarancin da GIA ba ta ma raba shi mataki-mataki, Fancy Red kawai ake rubutawa. A 1987 an sayar da wani jan dutse da ake kira Hancock Red a gwanjon Christie's kan dala 880,000, alhali nauyinsa karat 0.95 ne, bai ma cika ɗaya ba.

Alƙaluman gwanjo suna koyar da darasi in an raba su da nauyi. Pink Star mai karat 59.60 an sayar da shi dala miliyan 71.2 a gwanjon Sotheby's na Hong Kong a Afrilun 2017, wato kusan dala miliyan 1.2 kowane karat. Williamson Pink Star mai karat 11.15 kacal an sayar da shi dala miliyan 57.7 a Oktoban 2022, sama da miliyan 5 kowane karat. Dukansu Fancy Vivid Pink ne a takarda. A ɓangaren shuɗi, Blue Moon mai karat 12.03 da aka haƙo a mahaƙar Cullinan ta Afirka ta Kudu ya kai dala miliyan 48.4 a 2015, Oppenheimer Blue mai karat 14.62 kuma dala miliyan 57.5 a 2016. Na kawo su ne don a ga cewa ko a saman kasuwa, kalma ɗaya a takarda ba ta nufin farashi ɗaya.

Ruwan hoda yana da labarinsa. Mahaƙar Argyle da ke yammacin Ostireliya, mallakar kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto, ita ce ta riƙa fitar da sama da kashi 90 cikin ɗari na ruwan hoda na duniya, kuma an rufe ta a Nuwamban 2020. Tun daga nan sunan Argyle ya zama abin da ake ƙara wa kuɗi. Idan aka ce maka dutse ɗan Argyle ne, ka nemi takardar Argyle ɗin kanta da lambarta da aka zana a jikin dutsen. Faɗar baki ba ta isa ba.

Wajen farashi, akwai abin da ya kamata ka shirya masa: jadawalin Rapaport da dillalai ke dubawa don farin lu'ulu'u bai haɗa da masu launi ba. Kowane dutse da cinikinsa. Abin da ya rage maka shi ne ka tara duwatsu huɗu ko biyar masu launi ɗaya, mataki ɗaya, nauyi kusan ɗaya daga masu sayarwa daban-daban, ka raba kowane farashi da karat, ka ga inda tsakiya take.

Ɗorewa ba abin damuwa ba ne. Lu'ulu'u yana kan 10 a ma'aunin tauri na Mohs, launinsa kuma ba ya kodewa. Sai dai tauri ba ya hana ɓallewa: bugu mai ƙarfi a kan kusurwa na iya ɓantare shi, shi ya sa ake rufe tsinin ɗigon hawaye da ƙarfe.

Haɗarin yana wajen sayarwa. Ana yawan tallata wannan dutse a matsayin ajiyar dukiya, kuma ga 'yan tsirarun duwatsu na ƙololuwa maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ga ƙaramin rawaya ko ruwan ƙasa da ka saya a farashin shago kuwa, ranar da ka koma sayarwa za a taya maka farashin sari ko ƙasa da shi, ribar shago ta riga ta tafi. In ka kai gwanjo, akwai la'ada, akwai jiran watanni, kuma ba tabbas. Pink Star ɗin nan ma an buga masa guduma a kan dala miliyan 83 a 2013, mai sayen ya kasa biya, dutsen ya zauna hannun gidan gwanjo har 2017, aka sayar da shi ƙasa da wancan.

Kore yana da nasa tarkon. Da yake radiyeshin ne ke kawo launin, ko a ƙasa ko a na'ura, wani lokaci ɗakin gwaji kansa ba ya iya rabewa, sai ya rubuta Undetermined, wato ba a tantance ba. Dutse mai wannan kalma ba a biyan masa kuɗin na asali, komai daɗin labarin da ya zo da shi. Haka nan in wani ya nuna maka takardar Kimberley a matsayin shaidar ingancin yankakken dutse, ka ja baya. Tsarin Kimberley da ya fara aiki a 2003 ya shafi safarar ɗanyen lu'ulu'u ne tsakanin ƙasashe, don toshe kuɗin yaƙi, ba ya cewa komai game da launi ko daraja.

Zaɓi na biyu: dutsen ƙasa da aka sa wa launi

An haƙo shi kamar kowane, amma launinsa bai burge kowa ba, sai aka gyara. Dabarar ta tsufa. A 1904 masanin kimiyyar nan na Ingila, William Crookes, ya binne lu'ulu'u a cikin gishirin radiyom ya ga ya koma kore, sai dai nasa ya zama mai haɗari ga jiki. Hanyoyin yanzu ba sa barin wannan illa. Uku ne suka fi yawa: harba wa dutse radiyeshin sannan a gasa shi, sanya shi cikin matsi da zafi mai tsanani da ake kira HPHT, da kuma shafa masa siririn rufi mai launi a bayansa.

Biyun farko launinsu ya zauna. Wanka, rana, sabulu, ba abin da za su yi masa. Abu ɗaya za ka kiyaye: wanda aka yi wa radiyeshin ba ya son wutar maƙeri. In za ka kai zobe a rage ko a ƙara masa faɗi, ka gaya wa maƙerin, ya cire dutsen kafin ya kunna wuta, in ba haka ba shuɗinka na iya dawowa da wata kama. Na ukun, mai rufi, ban ga dalilin sayensa ba. Rufin yana karcewa, yana ɓarewa, kuma GIA ba ta ba shi maki tunda launin ba mai zama ba ne.

Farashinsa yana ƙasa da na asali nesa, musamman a shuɗi, kore da ruwan hoda. Samunsa ba wuya. Yawancin baƙin lu'ulu'u da ke kasuwa ma daga wannan gida suke, haka ƙananan duwatsu masu shuɗi-kore da ake jerawa a zobba masu sauƙin kuɗi.

Shi kansa ba shi da aibu in an faɗa maka gaskiya. Haɗarinsa shi ne ya fi kowane sauƙin shiga rigar na farko. Mai sayarwa zai ce maka "dutsen ƙasa ne," kuma bai yi ƙarya ba, ya dai haɗiye rabin maganar. Tambayar da za ka yi ita ce: launin fa, na ƙasa ne? Kuma a rubuta amsar a rasit. A ganina wannan zaɓi ne ya fi shan kashi tun da na ɗakin gwaji ya cika kasuwa, don ya tsaya a tsakiya: bai kai na farko ƙaranci ba, bai kai na uku araha ba.

Zaɓi na uku: na ɗakin gwaji

Kamfanin General Electric ya yi nasarar ƙera lu'ulu'u a 1954, amma sai a 'yan shekarun nan ne na ado ya wadata. Hanya biyu ake bi: HPHT da ke kwaikwayon matsi da zafin cikin ƙasa, da CVD inda kabon ke sauka daga iskar gas yana taruwa a kan ɗan iri, shimfiɗa bisa shimfiɗa. In ana son rawaya a bar naitirojin, in shuɗi a sa boron, ruwan hoda kuma yawanci bayan an gama ginin ne ake yi masa radiyeshin da gashi. Ba jabu ba ne. Tauri, ƙyalli, nauyi, duk irin na ƙasa ne, kuma na'urar hannu da ake gwada daimon da ita za ta amsa masa.

A farashi ba shi da abokin takara cikin ukun. Lokacin da kamfanin lu'ulu'u na De Beers ya fito da Lightbox, tambarinsa na duwatsun ɗakin gwaji, a 2018, dala 800 ya sa wa karat ɗaya, fari ko hoda ko shuɗi duk kuɗi ɗaya. Ka ajiye wannan kusa da miliyan 5 na Williamson Pink Star ka ga nisan tafiyar. A 2025 kamfanin ya sanar da rufe Lightbox, yana mai cewa farashin sarin irin waɗannan duwatsu ya faɗi da kusan kashi 90 tun daga lokacin. Wannan labari fuska biyu gare shi. Ga mai son ado albishir ne: babban dutse mai launi a cike, a kuɗin da ba zai hana shi barci ba. Ga mai tunanin sayarwa wata rana gargaɗi ne, don masana'anta ba ta daina aiki, kuma na gobe zai fi na yau araha. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Samunsa ya fi kowane sauƙi, har za ka iya neman biyu masu launi ɗaya don 'yan kunne, abin da a na asali kan ɗauki watanni ana nema. Haɗarinsa biyu: a sayar maka da shi da sunan na ƙasa, ko a tsuga maka kuɗi don ba ka san yadda farashinsa ya karye ba.

Masu kama da shi

Moissanite da zirkoniya ba lu'ulu'u ba ne, kama kawai suka yi. Moissanite yana da tauri, ya haura 9, yana jure sawa yau da gobe, kuma yana iya yaudarar na'urar gwaji mai auna zafi. Zirkoniya tana karcewa ta dushe da wuri. In an kira su da sunansu, kayan ado ne masu araha, shi ke nan.

| | Launin ƙasa | Wanda aka sa wa launi | Na ɗakin gwaji | Masu kama |
|---|---|---|---|---|
| Farashi | Daga matsakaici a ruwan ƙasa da rawaya zuwa miliyoyin daloli | Ƙasa da na asali nesa | Araha, yana ƙara sauka | Mafi araha |
| Ɗorewar launi | Ba ya canzawa | Ya zauna, ban da mai rufi. A kiyaye wutar maƙeri | Ya zauna. Mai hoda a kiyaye wuta | Moissanite na jurewa, zirkoniya na dushewa |
| Sauƙin samu | Rawaya da sauƙi, sauran da wuya | Da sauƙi | Da sauƙi ƙwarai | Ko'ina |
| Sayarwa daga baya | Akwai kasuwa, da jira da asarar ribar shago | Rauni | Rauni sosai | Kusan babu |
| Babban haɗari | Biyan kuɗi fiye da kima, takardar bogi | A ɓoye gyaran | A kira shi na ƙasa | A kira shi daimon |
| Takarda | GIA, cikakkiya in dutsen babba ne | Mai faɗin irin gyaran | IGI ko GIA | Rasit mai sunan dutsen |

Minti goma a gaban dutsen

Fitilun shago an tsara su ne don komai ya yi walƙiya. Ka nemi a ba ka dutsen a sake, ba a kan zobe ba, ka ninka farar takarda ka kwantar da shi a cikin ninkin, ka matsa kusa da taga inda hasken rana ke shigowa ba kai tsaye ba. Dube shi ta fuska, don ta nan ake ba shi maki. Shin launin ya kai har kusurwoyi, ko ya taru a tsakiya ya bar gefuna fayau? Akwai baƙin tabo mai kama da malam-buɗe-littafi a tsakiyar mai siffar ƙwai? In an ƙi cire shi daga zobe, leƙa ƙarƙashinsa: maƙera kan sa ɗan kofin zinariya rawaya a bayan dutse rawaya, ko jar zinariya a bayan mai hoda, don launin ya ƙara fitowa. Dabara ce ta halal wajen ado, amma ba a ciniki a kanta.

Sannan ka karɓi madubin ƙara girma ka nemi ƙugun dutsen, siririn zoben nan da ya raba sama da ƙasa. A nan ake zana lambar takarda da leza, ƙanana ƙwarai, sai ka juya a hankali kafin haruffan su faɗo cikin haske. Ka shigar da lambar a shafin tantancewa na cibiyar da kanka, a wayarka, ba ta hanyar da mai shago ya turo maka ba. Ko lamba ta dace, kada ka tsaya nan. GIA ta sha kama duwatsun ɗakin gwaji ko gyararru da aka zana wa lambar wani dutse na asali. A ɗora shi a sikeli, a auna tsawo da faɗi da zurfi, a ga sun yi daidai da na takarda har zuwa ɗigon milimita, a kuma nemo tabban da aka zana. In ta intanet kake saye, kada ka yi cinikin biri a sama: bidiyo a hasken rana, da sharaɗin mayarwa a rubuce mai isassun kwanakin da wani masani mai zaman kansa zai duba.

Wa ya dace da wanne

Idan launi mai cika ido kake so a yatsa ko a wuya, kuma sayarwa ba ta cikin lissafinka, ɗauki na ɗakin gwaji, ka kwatanta farashi wuri uku, rarar ka zuba ta a aikin zinariya mai kyau.

Idan zuciyarka ba ta kwanta da abin da bai fito daga ƙasa ba amma aljihu na da iyaka, rawaya ta asali ce taka. Gara karat 0.70 Fancy Intense da karat ɗaya da rabi Fancy Light, don launin ka zo saye. Ruwan ƙasa mai zurfi ma yana da kyau in ka so shi don kansa.

Idan ruwan hoda na asali ne ya shige maka rai, ka yarda da ƙarami, ko ka karɓi mai jirwayen ruwan ƙasa kana sane, ka ɗora shi a jar zinariya.

Wanda aka sa wa launi ya dace da mai son shuɗi, kore ko baƙi wanda ya nace sai dutsen ƙasa, da sharaɗin gyaran yana rubuce kuma farashin ya nuna haka.

Mai neman ajiyar dukiya shi ne aikinsa ya fi yawa: launi tsantsa ba jirwaye, Intense ko Vivid, cikakkiyar takardar GIA mai ɗauke da Natural, inshora, da kuɗin da ba zai buƙata ba shekaru masu yawa. In abin da ke hannunka bai kai wannan matsayi ba, ka saya da sunan ado kawai.

Wanda kuma aka kawo wa dutse ba takarda, na gado ne ko na wani mai neman kuɗi da gaggawa, ya ce a tura shi ɗakin gwaji tukuna, kuɗi su zauna hannun wanda duka biyu suka amince da shi har sakamako ya dawo. In mai dutsen ya ce ba shi da lokacin jira, a bar masa kayansa.